Dinyar Gwaggo Ta Yi Sabon Fiffike

Ranar da Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, mutane sun zo gaisuwa daga wuraren da ban taɓa zaton ta san kowa ba. Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Kowa ya faɗa, ni ma na faɗa, amma bakina kaɗai ne ya faɗa. Maza suna ƙofar gida a inuwar bedi, mu mata mun cika tsakar gida, zafin bazara kuma bai raga wa kowa ba. Matan Korgom sun zo a amalanke. Maƙwabciyarta, wadda suka shekara talatin suna faɗa a kan awaki, ita ta fi kowa kuka, tana cewa yanzu wa zai ƙara yi mata faɗa da sassafe.

Washegari da hantsi sai ga wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata. Da ƙafa ta zo. Ba ta gaishe da kowa ba tukuna, sai ta ratsa mu ta nufi ƙofar ɗakin mamaciyar, inda dinyar Gwaggo, tsuntsuwar ruwan da ta raina, take tsaye tun jiya ta ƙi cin dawa. Ta durƙusa a gabanta ta ce, "Ke ma an bar ki, ko?" Nan ne kukana ya ɓalle.

Baba kuwa, ƙanen Gwaggo, bai zubar da hawaye ko ɗaya ba. Yana kasuwar Korgom lokacin da ta cika, ya dawo ya tarar an rufe mata ido. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa addu'a, ya ja tasbaharsa. Ko sau ɗaya bai dubi inda dinyar take ba, kuma duk gidan mun san dalili.

Bayan sadakar uku, ƙanena da ke kasuwanci a Tasawa ya kawo shawara. Ya ce tsuntsuwar nan ba mai kula da ita yanzu, ga ta tana bugun yara da fiffike, gara a yanka ta ranar sadakar arba'in, a raba naman, ladan ya isa kabarin Gwaggo. Ba mugunta ce ta sa shi ba, magana ce ta hankali, dattawa ma sun gyaɗa kai. Baba ya yi shiru, aka ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Ni kuwa na san Gwaggo ta shekara ɗaya da rabi tana jiran abu ɗaya tak a duniya, wato ta ga dinyar nan ta tashi sama. Shi ya sa nake rubuta wannan, don jikoki su san wace ce ita, kada su ce wata tsohuwa ce mai kiwon agwagwa.

Gwaggo 'yar tabki ce. A bayan garinmu akwai tabkin da ke cika da damina ya ƙafe bayan sanyi, kuma tun ina ƙarama nake ganinta tana shiga ruwan har ƙugu, da ƙwarya tana bin ta a kan ruwa, tana tsinkar 'ya'yan bado tana tono saiwarsa da yatsun ƙafa. Da shi ta ciyar da gida a shekarun da gero ya ƙi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka da ita da Baba duk Uwata suke kirana, amma wannan bai hana ta ranƙwashina ba idan na kira kowane tsuntsun ruwa agwagwa. Takan ce wanda bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai iya zaman gari ba.

A bakin ruwan nan ta koya mini su ɗaya bayan ɗaya. Masu farar fuska da ke tashi a garke suna fito, kirinjijiya ke nan, kuma ta ce surutunsu ya fi na matan bakin rijiya. Ga zalɓe mai tsayuwa da ƙafa ɗaya, ga belbela mai bin shanu, ga wata agwagwar ruwa da namijinta ke da tozo a kan baki, wadda mutane kan rikita ta da dinya daga nesa. Dinya ta fi su duka girma. Bayanta baƙi ne mai ƙyalli, cikinta fari, bakinta ja, ƙafafunta dogaye, tana tafiya a tudu ba ta rangaji irin na agwagwar gida. Namiji ya fi mace jiki, yana da jan ƙullutu a goshi. A gwiwar fiffikenta akwai wani tsini kamar ƙaho, da shi take faɗa, kuma wanda ya taɓa shan bugunsa ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Abin da ya fi burge Gwaggo shi ne shirunta. Duk girman nan, namijin ɗan siririn fito kawai yake yi, sai ka kasa kunne za ka ji, macen kuwa da wuya ka ji muryarta. "Ki duba ki gani, Uwata," takan ce, "babban tsuntsu, ƙaramar murya. Ni Allah bai ba ni wannan halin ba." Gaskiya ta faɗa, don idan Gwaggo ta buɗe baki a bakin tabki, ana jin ta a masallaci. Maharba sun sha ta. Ta riƙa gaya musu cewa naman dinya lokacin da gero ke fure guba ne, saboda tana cin ƙwaron hangara mai dafi, wanda ya ci zai yi fitsari yana kiran uwarsa. Ko gaskiya ne ko dabara ce, har yau ban sani ba, amma dai da damina ba mai harbin dinya a tabkinmu.

Dinya a cikin doguwar ciyawar gefen ruwa take saƙa, kuma nan ne shanu ke bi su sha. Kusan kowace damina sai an tattake wata sheƙa, uwar ta gudu. Bafulatanar nan ce ke kawo wa Gwaggo labari, wani lokaci ma da ƙwan da ya tsira a cikin ƙwaryar nono, an lulluɓe shi da tsumma. Gwaggo ta sa wa agwagwar gida ta kwanta a kai. Idan ya ƙyanƙyashe ta raine shi da tsaki da ɗanyar ciyawa, ta kai shi tabki a ƙwarya, ta dawo da shi. Da kaka ta wuce, fiffike ya yi ƙwari, wata safiya sai a ga ya bi 'yan uwansa, shi ke nan. Ba ta taɓa ɗaure ko ɗaya ba, ba ta taɓa sayarwa ba, ko da masu kuɗin Tasawa suka aiko suna so don ado a gidajensu. Takan ce baƙo ne, kuma ba a gadon baƙo.

Sai dai duk ranar da ɗaya ya tafi, Gwaggo ba ta cin abinci. Mai faɗan nan sai ta yi tsit, ta zauna a ƙofar ɗaki tana tsince wake, kwana biyu, wani lokaci uku. Baba ne ke dama fura da kansa ya kai mata, ya zauna yana lallashinta har ta kurɓa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gemunsa ya yi fari fat ba ta daina kiransa Auta ba, ko a gaban surukansa.

Akwai kuma kasko. A ƙofar ɗakinta yake, kullum da safe sai ta wanke shi ta cika shi da ruwa, ko da rani ne da ake bin layi a rijiya, ko babu tsuntsu ko ɗaya a gidan. Ta ce ko wani ya dawo, kada ya tarar da ƙofa a bushe. Ta rantse cewa wata shekara wata dinya da ta raina ta dawo tare da mijinta, sun sauka a bayan gida, ta gane ta da karkataccen yatsa. Baba yakan yi dariya ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma a gidan Yaya ƙadangaru ne kaɗai ke sha, kazar ma babu. Ita kuma ta ce ƙadangaren ma bawan Allah ne.

Mu manya mun san ba don tsuntsu kaɗai ake cika kaskon ba. Gwaggo ta haifi takwas, ɗaya ya rayu. Da ya zama saurayi ya ce zai tafi Libiya neman abin kansa. Baba ya ce kada ta yarda, ta hana shi, ɗa ɗaya ba a wasa da shi. Ta ce ba za ta riƙe namiji da zane ba, ta sa masa albarka, ta daka masa garin gero ta raka shi har bakin hanya. Shekaru biyu yana aiko da saƙo, daga baya shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Duk surutun Gwaggo, ban taɓa jin ta ambaci wannan maganar ba, kuma ba mai ƙarfin halin ambata ta a gabanta.

Dinyar ƙarshe, wannan da muke magana a kanta, mace ce, yara suna kiranta Bebiya. Ta shaƙu da Gwaggo fiye da duk na baya, tana bin ta har rijiya, tana kwana a bakin ƙofarta. Lokacin Gwaggo ta soma rauni, ta daina shiga ruwa, tari ya kama ta. Da kaka ta zo, dinyar ta fara gwada fiffike a tsakar gida tana tashi kan danga, Baba ya duba ya ga abin da ke tafe. Wata safiya Gwaggo ta tafi barkar haihuwa, sai ya kama tsuntsuwar, ya sha bugu a hannu har jini, ya sa almakashi ya yanke dogayen gashin fiffikenta na dama, kamar yadda ake yi wa zabi.

Ina gidan ranar, na zo daga Mayahi inda nake aure. Gwaggo ta shigo ta ga baƙin gashi a warwatse a ƙasa. Muka jira tsawa, har na fara janye yara. Ba ta yi ba. Ta durƙusa ta tsince gashin ɗaya ɗaya, sannan ta tambayi wa ya yi. Baba ya ce shi ne.

"Yaya, na gaji da ganin ki kina rakiya," ya ce. "Kowa kin sake shi ya tahi. Wagga dai ta zauna da ke."

Gwaggo ta dube shi. Ta ce, "Wanda anka yanke ma fiffike ba zama ya yi ba, Malam. Kasa tahiya ya yi."

Malam ta ce, ba Auta ba. Daga ranar ba ta sake kiransa Auta ba. Ba ta yi gaba da shi ba, ta san hukuncin gaba. Tana gaishe shi, tana aika masa da tuwo, idan ya yi zazzaɓi ta dafa masa sabara. Amma Malam. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, mun yi zaton kwana biyu ne, sai abin ya zarce shekara. Ni a lokacin bayan Gwaggo nake ɗari bisa ɗari, har nakan ƙi dariya idan Baba ya yi barkwanci. Yanzu da nake tunawa, tausayinsu su biyu nake ji, don kowannensu ƙauna ce ta sa shi.

Baba ya nemi gyara. Ya ce a tsige guntayen da suka rage, sabo zai fito da wuri, haka ake yi wa tantabara. Ta ce kada wanda ya ƙara taɓa ta. Ta bayyana mana cewa dinya sau ɗaya take zubar da gashin fiffike a shekara, kuma gaba ɗaya take zubarwa, ta yi kusan wata ba ta iya tashi, shi ya sa na daji ke tafiya inda ruwa ba ya ƙafewa su ɓuya har sabo ya fito. Wanda aka tsige da ƙarfi, in ji ta, a karkace yake fitowa. Ita wannan ƙarama ce, ba za ta zubar a ranin farko ba, sai na gaba. Babu abin yi sai jira.

Daminar da ta biyo baya ita ce mafi wuya. Tabki ya cika, na daji suka dawo, da yamma sukan ratsa ta saman gidanmu a jere, kana jin ƙarar fukafukansu. Bebiya takan miƙe wuya, ta ruga da gudu ta tsakar gida tana kaɗa fiffike, ta ɗan ɗaga, sai ta karkace ta faɗi a gefen turmi. Ta tashi ta sake. Ba ta kuka, ba ta da muryar yi. Gwaggo tana zaune tana kallo, Baba kuma da ya ji ƙarar fukafukan sai ya ɗauki buta ya fita, ko lokacin salla bai yi ba.

Da ranin bana guntayen suka fara zuba. Gwaggo tana kwance lokacin, aka kira ni a salula na zo jinya. Kullum sai ta sa na kama dinyar, na lulluɓe mata kai da zane, na buɗe fiffiken a gabanta ta shafa. Sabon gashin yana fitowa a cikin kube kamar tsinken kara, cike da jini, ta ce a wannan lokacin ko ƙaramin bugu zai lalata shi. Takan auna da yatsa, ta ce saura kaɗan. Na ga tana auna kwanakinta da shi, na kuwa ji tsoro, don gashin ba ya sauri, ita kuwa tana yi.

Safiyar ranar da za ta rasu, Baba ya leƙo ya ce za shi kasuwa, ta ce a dawo lafiya, Malam. Bayan ya fita ta kama hannuna. Ta ce, "Uwata, ba ni ganin ruwan bana. Ki ce ma Auta kada shi yi gaggawa. Sai tabki ya cika, 'yan uwanta sun zo. Shi ya yanke, shi za ya kai ta." Kafin azahar ta cika.

Kwanakin zaman makoki ban samu Baba shi kaɗai ba, yana waje cikin maza, ina ciki cikin mata, kuma ba saƙon da za a aika yaro da shi ba ne. Sai da baƙi suka ragu, maganar yanka ta riga ta zauna, na same shi da safe a zaure yana gyaran igiyar jaki. Na durƙusa na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Mi ta ce? Wa za ki ce mawa?"

"Auta ta ce, Baba."

Ya sa na maimaita. Sannan ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa suna rawa, ni kuma na tashi na ba shi wuri. Da ƙanena ya zo da maganar wuƙa, Baba ya ce a nemi akuya a garkensa, wadda ta fi ƙiba, tsuntsuwa kuwa ba ta cikin gado.

Aka yi arba'in da akuya. Shamuwa ta zo, aka yi shuka, ruwa ya yi jinkiri har muka fara duban sama da fargaba, daga baya ya sauko. Duk wannan lokacin Baba ne ke ba dinyar dawa da hannunsa, tana bugunsa yana haƙuri. Da Bafulatanar ta aiko cewa na daji sun sauka a tabki, ya kira ni, na hau kabu-kabu daga Mayahi na zo.

Da sassafe muka tafi a amalanke, dinyar a cinyarsa a lulluɓe da tsohon zanen Gwaggo. A bakin ruwa ya buɗe ta. Can tsakiya, bayan ganyen bado, ga su nan, na gane namiji da jan goshinsa kamar yadda aka koya mini. Bebiya ba ta tashi ba. Ta tsaya, ta karkaɗe jiki, ta juyo ta dawo ta tsaya a gefen ƙafar Baba. Na ga fuskarsa, na san abin da zuciyarsa ke raya masa, cewa ga shi ita da kanta ta zaɓi zama, a mayar da ita gida. Sannan ya naɗe wandonsa, dattijo mai ciwon gwiwa, ya shiga ruwan, tana bin sa, har ya kai masa cinya. Ya ce, "Tahi. Yaya ta sallame ki, ni ma na sallame ki." Ya fito ta wani gefen, bai waiwaya ba.

Rana ta ɗaga muna zaune a kan amalanke. Ta yi iyo, ta ci ciyawa, ta matsa kusa da su kaɗan kaɗan. Da wasu shanu suka shigo sha, garken ya tashi, sai muka ga ta ruga a kan ruwa tana kaɗa fukafukai biyu cikakku, ta ɗaga, ba ta karkace ba. Ita ce ta ƙarshe a jeren. Na bi ta da ido har na kasa bambance ta da sauran.

A hanyar dawowa, da muka hango rumbunan gari, Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Ashe haka take ji, kowace shekara." Ranar bai ci tuwo ba, washegari ma haka. Ni na dama fura na kai masa, na zauna ina lallashi har ya kurɓa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya ƙofarta ga duk mai dawowa, ya haɗa ta da ɗanta a inda ba a rabuwa. Ɗakinta a rufe yake yanzu. Amma da na je gida makon jiya, na fito da safe na tarar da Baba a durƙushe a ƙofar ɗakin, ya wanke kaskon yana cika shi daga butarsa. Ƙadangaru biyu suna kan danga suna jira ya tashi. Bai kore su ba.